Hijabin da Na Yi wa Matan Tafki

Duk sanda na ji warin fenti sai in tuna hawa na biyu na gidan hayarmu a Wendover, can ƙasar Turawa, da ƙofar da ke kallon tamu. Wata tsohuwa 'yar Iran ce a ciki, mai zanen hotuna. Anti muke ce mata. Zan faɗa muku abin da na yi mata bi da bi, yadda ya faru.

Na farko, kwano ne ya haɗa mu. Mama kan aike ni in kai mata waina, ita kuma ba ta mayar da kwano wayam. Lokacin zafi takan sako inabi, lokacin sanyi shinkafa mai ƙanzo. Shekarar da na cika sha ɗaya, sai ta haɗo da wani hoto da ta zana, faɗinsa bai wuce tire ba.

Tafkin garinsu ne da ya ƙafe, ƙasa fari fat da gishiri, kwalekwale a kife. Mata uku suna tsaye, kai ba ɗankwali, gashinsu shuɗi ya zubo yana bin tsagar ƙasa kamar ruwa. Mama ta daɗe tana kallo. Mahaifinta masunci ne a Baga, ta ga yadda ruwa ke janyewa ya bar mutane a tudu. Ta rataye zanen a falo.

Na biyu, sunan ƙanena ya zo. Na san matan masallaci za su cika falon, har da malamar Islamiyyarmu, wadda ta taɓa yaba mini a gaban aji saboda gashina ba ya leƙowa. Ba wanda ya sa ni. Na sauke zanen, na ɗauko baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, na yi wa kowace mace hijabi har ƙasa. Ban fita layi ba ko sau ɗaya. Na mayar da shi, na daidaita.

Na uku, Anti ta shigo barka. Ta tsaya gaban zanen har hancinta ya kusa taɓa shi. Ta ce, "Wa ya yi wannan?"

Na ce ni ce. Yabo nake jira.

Ta ce, "Hannunki ba ya rawa." Sannan ta ce, "Ruwan da ya rage musu ke nan, 'yata."

Ta gaida maijego ta fita.

Mama ba ta dake ni ba. Da baƙi suka watse ta ce, "Ni da ba na fita ba mayafi, kin ga na taɓa shi? Je ki ba ta haƙuri." Sau biyu ina zuwa ƙofar, ban ƙwanƙwasa ba. Kafin shekara ta zagayo, ɗan Anti ya zo ya ɗauke ta zuwa wata jiha.

Yanzu ni ma uwa ce, hijabina yana nan yadda yake. Zanen matan Iran irin nata har gidajen nunin hotuna ake kaiwa, mutane su tsaya su yi maganar fari da 'yancin mata. Na kai nawa wurin mai gyara, ya ce tawadar ta ratsa, in aka cire ta shuɗin zai bi ta. Yana nan a falona. Rannan 'yata ta tambaye ni da Turanci me ke ƙarƙashin baƙin. Na ce mata ruwa ne, kuma ni na rufe shi.