Anti Ajiye da saƙon famfon banɗaki

Akwai abin da na sani game da Anti Ajiye, sakatariyar kamfaninmu na buga littattafai, wanda ko mijinta bai sani ba. Zan faɗa muku, amma ba yanzu ba. In ba ku san matar ba, zancen ba zai yi muku daɗi ba.

Ana ce mata Ajiye don ba ta yar da komai. Shekara goma sha tara tana kan tebur ɗaya kusa da tagar da ba ta rufuwa, kuma murfin biron da ta fara aiki da shi yana nan cikin durowa. Saƙon imel kuwa, ko na masu tallar maganin sanƙo ne, ba ta gogewa. Mijinta ya ce ranar da ya mutu a yi sauri a ɗauke shi, kar ta sa shi a fayil.

Mutum ɗaya ne ba sa ga-maciji da ita, Manaja. Turarensa na riga shi shiga ofis da minti biyar, kuma magana ɗaya ya iya a duniya: "Ni? Yaushe na ce?"

To, ranar wata Asabar aka tafka ruwa, rufin sito ya buɗe baki, takardun bugu suka sha suka ƙoshi. Litinin mai kamfani ya zo ya tsaya cikin ruwa har idon sawu. Manaja ya dafa ƙirji.

"Yallaɓai, tun bara na ce sakatariya ta kira kafinta."

"Ranka ya daɗe, kai ka rubuto min ka ce in bari tukuna," in ji Anti.

"Ni? Yaushe na ce?"

Mai kamfani ya ce ranar Alhamis ta kawo saƙon. In babu, ta kwashe kayan durowarta ta tafi.

Ta duba akwatin saƙonni, ta duba, babu. Ga dalili: Manaja bai taɓa buɗe sabon saƙo ba a rayuwarsa. In zai yi maka magana, sai ya laluɓo kowane tsohon saƙonka da hannunsa ya faɗa kai, ya danna amsa, ya rubuta a nan. Zancen hutu sai ka same shi ƙarƙashin taken gyaran janareta. Wurin binciken akwatinmu kuma taken saƙo kawai yake dubawa, in ka matsa masa ya sandare.

Anti ba ta yi kuka ba. Ta sauko da gilashinta kan karan hanci, ta shiga intanet ta samo wata manhaja ta kyauta, wadda ke karanta kowace kalma ta kowane saƙo ta riƙe inda take, kamar jerin kalmomin bayan littafi. Ta kwafe umarnin kafa ta da biro, layi-layi. Da farko sai da ta sauko da saƙonnin shekara goma sha tara kaf cikin tsohuwar kwamfutar kusurwa, abin da ya cinye sauran Litinin. Talata ta nuna wa manhajar inda ta zuba su, ta danna. Manhaja ta ce ta sami saƙo sifili.

"Sifili a gidanku," in ji Anti.

Ashe wata jakar fayil da babu komai ciki ta nuna mata. Ta gyara, ta sake dannawa, fankar kwamfuta ta kama gurnani, har masu injin bugu suka leƙo suna tambaya ko an sayo sabon inji.

Manaja ya gifta yana murmushi. "Anti, in aiko miki da kwali na kwasar kaya?"

"Bari tukuna, ranka ya daɗe."

Laraba da azahar gurnani ya tsaya. Saƙo dubu ɗari biyu da goma sha huɗu. Ta rubuta "rufi", ta rubuta "tukuna". Kafin ta ɗage yatsa ga shi ya fito, kwance ƙarƙashin wani take na shekara bakwai da suka wuce: An gyara famfon banɗaki. A ciki: "Zancen rufin sito, bari tukuna. Kar ki kira kowa sai na ce."

Ranar Alhamis ba ta miƙa wa mai kamfani takardar ba. Manaja ta miƙa wa, da hannu biyu, ta ce idonta ya gaji, ko zai taimaka ya karanta da ƙarfi. Ya karanta. Da ya kai "sai na ce", muryarsa ta koma kamar ta ɗan kyanwa. Aikinta ya tsira. Shi kuwa jan kunne kawai aka yi masa, aka ce ya kira kafinta.

Jan kunne! Mutumin da ya so a kore ta da kwali a kai! Anti ta ce na gode, ta koma teburinta.

Ga sirrin yanzu. Manhajar tana da wata dabara: kana iya liƙa wa saƙo alama, ka kuma ce duk mai kama da shi a liƙa masa. Anti ta ƙirƙiri alama mai suna yaushe-na-ce, ta ce duk saƙon Manaja mai ɗauke da "tukuna" ko "sai na ce" a liƙa masa. Sannan ta bi su ɗaya-ɗaya lokacin cin abincin rana, tana ware waɗanda ya musanta da bakinsa daga baya. Ɗari uku da tamanin da shida. Ba ta kai wa mai kamfani ko ɗaya ba. Duk Litinin ƙarfe takwas sai ta tura wa Manaja guda ɗaya, ba gaisuwa ba sharhi. Ɗaya a mako, za su kai shi sama da shekara bakwai. Mutumin ya rame har bel ɗinsa ya nemi sabon rami. Yanzu ko gaishe shi ka yi, sai ya waiga kafin ya amsa.

Litinin da ta wuce ya shiga ofishinta ya turo ƙofa. Ni kuma, da yake teburin karɓar baƙi nake, ba baƙo, sai na ga ƙofar na bukatar a goge ta.

"Anti, don girman Allah, saura nawa?"

"Saura me, ranka ya daɗe?"

"Kin sani. Ki goge su, in sa a canza miki kujera. A gyara tagar ma."

"Rubuto min haka. A sabon saƙo, da takensa."

Na matso da kunne don in ji ko zai yarda, sai ƙofa ta buɗe, na tafi luu har gaban takalminta. Ta dube ni ta saman gilashi.

"'Yar nan, ƙofar ta gogu?"

"Saura kaɗan, Anti."

"To ƙarasa. Ranar da kika ce kina asibiti, kika tura wa tela saƙo ta akwatin ofis a kan wuyan riga, ke ma kina da alamarki. Sha bakwai ne zuwa yau."