Ɗan fiton da bai yarda a haye da shi ba

Pwanedo abokina ne tun muna jefa komar kamun kifi a Binuwai. Ƙauyenmu yana wannan gaɓa, majami'armu tana waccan, ta wajen Numan. Shekara talatin da ɗaya shi ke haye da mutane sujada a kwalekwalensa kowace Lahadi, kyauta. Sawu shida yake yi. Kafin ya sauke na ƙarshe an kusa tashi, don haka wa'azi bai taɓa jin fiye da wutsiyarsa ba.

In Fasto ya ce masa ceto alheri ne, ta bangaskiya ake karɓa, sai ya yi dariya. "Fasto, kai da littafinka, ni da filafilina. Shi zan nuna a ƙofar sama."

Bara kafaɗarsa ta dama ta mutu. Ya daina fito, ya daina zuwa sujada, har Jibin Ubangiji, gurasar nan da ake karɓa a majami'a, ya ƙi. Na same shi gindin tsamiya ya zuba wa ruwa ido.

"Da me zan je gaban Ubangiji yanzu?" ya ce da ni. "Hannu rabbana?"

Ni ba mai karatu ba ne, sai na zauna kusa da shi.

Matarsa Vidiyeno ce ta gaji. Wata Lahadi ta zo da matan zumunta huɗu, suka tura kwalekwalen ruwa.

"Maigida, shiga, ko mu ɗauke ka kamar buhun dawa."

"Mata su haye da ni? Ku da ba ku san inda yashi yake ba?"

Ya dai shiga, wai don kada su fasa masa jirgi. Ni ma na shiga. Tun daga gaɓa yake gyara musu tuƙi. A tsakiyar ruwa ya tsoma hannun hagu yana taya su. Tsohuwa Rifkatu, wadda idonta ya tafi tuntuni, tana zaune kusa da shi, ta ji fantsamar ruwa a fuska.

"Wane ne ke yi mini wanka?"

"Taimako nake, Kaka."

"Taimakon me, ɗan nan? Shekara nawa kana haye da ni, ka taɓa ganin na taɓa filafili? Ina isa ko ba na isa?"

"Kina isa."

"To zauna a kai ka."

Ya janye hannu ya goge a riga. Haka ya zauna har muka sauka. Ranar ya ji wa'azi tun daga kai, ya ce ashe doguwar magana ce. Da aka kira Jibi ya tashi ya miƙa hannun hagun nan ya karɓa.

Yanzu yana zama a tsakiyar jirgi da ƙwarya, yana kwashe ruwan da ke shigowa. Na tambaye shi ko ƙwaryar zai nuna a ƙofa.

"A'a," in ji shi. "Ƙafar Kaka ce ke jiƙewa."