Abin da Baba Ya Binne a Gayauna

Ina amarya aka kai ni gidan su mijina, a wani ƙauye a gindin duwatsun Roni, zamanin da maganar hakimi ita ce magana. Gidan gandu ne, da barori huɗu. Babbansu wani tsoho ne da kowa ke ce wa Baba, har surukina. Ƙa'idar gidan, barori su yi noman gandu har azahar, daga nan kowa ya wuce gayaunarsa, wato 'yar gonar da maigida ya yanka masa, abin da ta bayar nasa ne. Gayaunar Baba tana jikin dutse, amma geronta sai ka ɗaga kai.

Da surukina ya rasu, gida ya koma hannun ƙanensa, Baffa. Kai, Baffa! Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a Kazaure yana zaman ƙofar manya, yana "ranka ya daɗe" ana jefa masa goro. Ya dawo mana da rawani kamar gammo, tafin hannu sumul, gero da maiwa ma bai iya bambance su ba.

Kakar farko ya ga damman Baba, idonsa ya yi ja. Ya kira shi zaure. Ina bayan zana ina sussuka, komai a kunnena.

"Kai, gonar jikin dutsen nan ta fi ƙarfin bara. Ta koma gandu. An ba ka ta bakin hanya."

"Kai" fa ya ce, ga wanda ya goya shi! Baba ya ce, "Maigida, marigayi mahaifinku ne ya yanka mini ita tun ina saurayi."

"To, marigayin yana ina?"

Ta bakin hanyar nan fako ce, ko akuya ba ta tsayawa. Mijina yana zaune a wurin, ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa. Har yau ban yafe masa wannan ba. Kafin sati, Baba ya naɗe tabarmarsa, ya rataya hauya, ya tafi wurin 'yarsa a Gwiwa.

Damina ta zo aka shuka gayaunar. Gero ya fito, ba laifi, amma bai kai na da ba. Ta biyu ya fito rawaya, ƙuduji ya shaƙe shi. Ina zai yi kyau? Fulanin da ke sauka a wurin kowane rani don Baba suke sauka, shi ke bar musu kara, ya janyo musu ruwa. Taki kuwa a kansa yake kaiwa, kwando kwando. Kowa ya sani, sai shugaban namu.

Wai sammu ne. Wai tsohon ya binne wani abu. Kwana uku ya sa barori suna tonon laya, yana tsaye a inuwa yana fifita. Duwatsu kawai suka tono. Tir!

Sai ya aiki bara guda Gwiwa, wai Baba ya zo ya cire abin da ya binne, a yafe masa. Ɗan aiken ya dawo ya durƙusa a zaure, ya ce Baba ya rasu tun farkon damina, amma 'yarsa ta ba da saƙo.

"Ta ce a gaya maka, maigida, gaskiya ne ya binne. Kashin shanu ne da na jaki. Ta ce kwandonsa yana nan gidanka, bayan ɗakinsa na da, in kana so."

Kwandon yana wurin, na gan shi. Nan gara ta cinye shi.