Ƙwaryar Nonon da Kawu Ya Ajiye

Jiya hadari ya haɗo daga gabas, ƙamshin ƙasa ya tashi, sai na tuna da kawuna maƙeri. Da ya ji tsawa yakan ajiye guduma har ta wuce.

Daminar da ta biyo bayan samun 'yancin kai, aradu ta faɗa wa ƙanena Umaru a gonarmu ta Kalmalo. Yana numfashi, rigarsa na warin ƙuna, amma ba wanda ya taɓa shi, har da ni. Al'adarmu ce, sai maƙeri ya yayyafa wa mutum nono tukuna. Kafin Kawu ya iso daga Illela da ƙwarya, rai ya yi halinsa.

Bayan kwana biyu aka tsinci wata ƙatuwar balan-balan a fashe cikin gero, da ɗan akwati ɗaure da ita. Wani ma'aikaci ya zo daga Sakkwato karɓa. Ya ce sakin ta ake yi ta hau can bisa hadari, ta auno ƙarfin wutar walƙiya.

Kawu ya jujjuya akwatin a hannunsa. Ya ce, "Su suna aikawa sama a auno ta. Mu mi munka yi? Tsayawa munka yi muna kallon ɗanmu." Ya dube ni. "In ta sake faɗa wa wani, kada ku jira ni. Ku ɗauke shi."

Bai ƙara ɗaukar ƙwaryar nan ba har ya rasu.

Allah ya sanyaya makwancinsa, mu kuma ya yafe mana tsayuwar da muka yi a kan Umaru.