Mutanen Basra Sun Riga Ni Jin Rasuwar Baba Dakta

Labarin ya same ni da safen nan ina wanke hannu a bakin tiyata. Baba Dakta Ishaya ya rasu.

Kun san daga ina labarin ya fito? Daga Iraki.

Wata nas ce ta miƙo mini wayarta ta ce, "Dakta Dogara, wannan ba oganka ba ne?" Na duba, sai ga hoton Baba a shafin wani likitan Basra mai suna Haidar, da dogon rubutu a ƙasa, Larabci da Turanci. Ni ina nan Kafanchan, gidan Baba yana Samaru Kataf, 'yar tafiya ce a mota. Amma sai da labarin ya je Iraki ya dawo kafin ya iso kunnena.

Ashe Haidar ne ya kira wayar Baba da sassafe kamar yadda ya saba, 'yarsa Kuyet ta ɗauka tana kuka.

Ba zan ɓoye muku ba, tare da baƙin cikin nan akwai kishi. Mai zafi kuwa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba Dakta shi ne likitan tiyata a asibitin da na fara aiki. Shi ya koya mini riƙe wuƙa. Ranar da na fara yi wa mace tiyatar haihuwa wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi, Baba ya karɓi tocila daga hannun nas ya haska mini da kansa har na gama. Bai karɓe aikin daga hannuna ba.

Da mahaifina ya rasu, har ƙauyenmu Nok ya bi ni. Mota ta kasa shiga, ya hau mashin da babbar rigarsa. Ya zauna a benci tare da tsofaffin gidanmu ya ci tuwon acca kamar can aka haife shi.

Amma yabo kam, ba a bakin Baba ba. Ko ɗinkin da ka yi ya fi na tela kyau, zai leƙa ya ce, "Ba laifi." Shi ke nan, ya wuce.

Baba yana da wata hanya ta koya wa ɗalibai ɗinkin rauni. Kowace Alhamis, ranar kasuwar aladu, sai ya aike ni in sayo ƙafafun alade, don ya ce fatar ta fi kama da ta mutum. A kai ake koyon ɗinki kafin a taɓa majinyaci. Ni kuma in na dawo sai in biya wajen mahauta in ƙara da ƙafafun akuya saboda ɗalibanmu Musulmi. Ina ajiye musu a tire dabam. Shekara da shekaru ina yin haka, Baba bai taɓa lura ba. In aiki ya shiga kansa, ko launin rigar da ke jikinsa ba ya sani.

Sai ga gayyata ta zo wa Baba daga Iraki. Yaƙi ya ragargaza asibitocin Iraki da makarantunsu na likitanci. Manyan malamansu wasu an kashe, wasu sun gudu, an bar yara sababbin likitoci da ayyukan da suka fi ƙarfinsu. Ana neman dattawan da za su je su taya su tayar da koyarwa, musamman waɗanda suka iya aiki inda babu wuta babu kayan aiki. To wa ya fi Baba sanin wannan?

Na roƙe shi ya tafi da ni. Roƙo har da durƙuso.

Ya ce, "Dogara, in na tafi da kai, matan Nok za su dakata da haihuwa ne sai mun dawo?"

Ya ce 'yan watanni zai yi. Watanni suka zama shekaru, yana zuwa yana dawowa. Ya taya su sake tsara karatu, ya horar da masu koyarwa, ya mayar da darasi gefen gadon majinyaci kamar yadda ya yi mana. Ni kuma ina nan da tocila da janareton da ba ya tashi.

Yanzu ku ji abin da ya fi ƙona mini rai a rubutun Haidar. Ya ba da labarin ranar Baba ta farko a ajinsu. Wai aka tambaye shi me yake buƙata don darasin ɗinki, Baba ya buɗe baki a gaban likitoci cike da ɗaki ya ce a kawo masa ƙafafun alade. A Basra! Tafinta ya rasa yadda zai fassara. Sai Haidar ya fashe da dariya, ya fita ya dawo da ƙafafun rago. Baba ya dafe kai yana ba da haƙuri, su kuma suna ta dariya. Haidar ya ce daga ranar suka ƙaunace shi, don sun gane mutum ne da ba abin da ke ransa sai aikin.

Mutane suna ta sa alamar zuciya a ƙarƙashin labarin.

Ni kuwa na karanta na ce, da ka tafi da ni, Baba, da wannan bai faru ba. Ni ne mai tuna maka irin waɗannan abubuwa. Kuskuren da na shafe shekaru ina kare ka daga gare shi ba ka sani ba, shi ne ya saya maka ƙaunar wasu, har ya zama labarinsu.

Haidar bai tsaya nan ba. Wai bayan wata tiyata mai wuya Baba ya rungume shi ya ce masa "ɗana". Na karanta layin nan, na sake karantawa. Baba? Runguma? Anya mutum ɗaya muke magana?

Kada ku ɗauka Haidar mugu ne. Mutumin kirki ne, abin haushin ke nan. Ya binne malamansa, ya yi aiki ana harbi a waje, yau kuma shi ke koyar da wasu. Ya taɓa gaishe ni ta bidiyo da karyayyar Hausar da Baba ya koya masa, "Sannu Dogara, yaya gajiya?" Na amsa da fara'ar da ba ta kai zuci ba.

Ganina na ƙarshe da Baba watan jiya ne, a gidansa, bayan ya dawo gaba ɗaya yana jinya. Na kai masa kunun acca a fulas, don shi kaɗai yake iya sha. Ya rame sosai. Ko zama ban gama yi ba waya ta yi ƙara, Basra ce. Fuskarsa ta washe. Ya yi ta hira da dariya, yana cakuɗa Larabci da Turanci, ni ina zaune riƙe da fulas kamar ɗan aike. Da suka gama ya gaji, numfashi ma da ƙyar.

Abin da ya ce mini kawai, "Duba mini ƙafan nan, ya kumbura." Na duba, na gyara masa matashi. Ya ce, "Ka gai da yara." Na fito ban san sallama ce ba.

Da rana yau na je gidan. Matan zumuntar coci sun cika tsakar gida suna waƙoƙi. Kuyet ta ja ni gefe ta ce an tsara jana'iza ranar Asabar, kuma mutum ɗaya ne zai yi magana a madadin ɗaliban Baba. Haidar ya roƙa a ba shi, za a haɗa shi ta bidiyo a coci.

Na ce ba zai yiwu ba. Na ce wannan wurin nawa ne, ni na fara, ni na daɗe, ni aka bari da asibiti. Sun samu dariyarsa, sun samu rungumarsa, wannan ɗin ma sai sun karɓe? Ban san muryata ta tashi haka ba sai da na ga mata sun daina waƙa.

Sai Mama Saratu, matar Baba, ta aiko a kira ni ɗaki.

Tana zaune a bakin gado, idonta ya kumbura. Ta ce, "Dogara, mene ne kana ihu a gidan makoki?"

Na fara bayani, ta ɗaga mini hannu.

"Ka taɓa ganin ɗan gida ya riƙe makirfo a jana'izan babansa? Baƙi ne suna yin jawabi. A wurinmu maza na gida ne suna yi wa mutum wanka, su sa masa kaya, su kwantar da shi a akwati. Ni mata na haifa, 'yan'uwansa kuma duk sun riga shi. Kai kana waje kana faɗa a kan makirfo, wa zai je mutuware ya yi wa babanka wanka?"

Ta ɗauko farar babbar rigarsa da hula a ninke ta ɗora mini a hannu. Ba ta tambaye ni ko na yarda ba, don a wurinta ba abin tambaya ba ne.

Na durƙusa a gabanta na yi kukan da ban yi ba tun safe.

Yanzu a cikin mota a ƙofar gidan nake rubuta wannan, kayan suna kan cinyata. Kishin bai tafi duka ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Har yanzu ina so a ce ni ya runguma. Amma Haidar ya yi jawabinsa ranar Asabar, zan saurara, wataƙila ma in tafa.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Ishaya cikin hutunka. Ka ta'azantar da Mama Saratu da Kuyet da ƙannenta. Ka ta'azantar da su Haidar can Basra, su ma uba suka rasa. Ka tsare asibitocinsu da namu, cikin sunan Yesu.

Duk wanda ya karanta wannan, Kirista ko Musulmi, ya sa iyalin Baba a addu'a. Ni ma ku tuna da ni. Ban taɓa yi wa gawa wanka ba, ku roƙa mini Allah ya ba ni ƙarfin yi wa babana.