Ƙararrawa Uku a Hanyar Gallabat

Edita, a shekarun da aka zuba wa hanyar Gadarif zuwa Gallabat kwalta, ni saurayi ne mai ƙarfin ƙafa da ƙarancin tunani. Aikina yankan riɗi da dawa a manyan gonakin tarakta, amma abin tinƙahona kekena ne. Ba wanda ke shan gabana a unguwarmu sai ɗan kawuna, taubashina, wanda muka tashi muna ci a kwano ɗaya muna tsokanar juna. Na fi shi ƙarfi, ya fi ni wayo. Mun yi yarjejeniya cewa duk wanda ya kaɗa ƙararrawar keke sau uku, to yana cikin matsala, a tsaya masa. Shi kuwa ɗan banza sai ya mai da ita dabara. In na yi masa nisa sai ya kaɗa, ina tsayawa ya wuce ni fuu yana dariya, yana cewa ɗan gwaggo bawa ne, dole ya jira ubangidansa.

Da aka sa ranar aurensa, sai ya ce shi da kansa zai kai wa wata innarmu goron gayyata a Gallabat, kuma a keke, don a san ango ba rago ba ne. Na ce sai dai mu je tare. Tsakiyar zafi ne, an daɗe da gama girbi. Da za mu tashi kawu ya ɗaura mini jarkar ruwa da famfon hura taya a bayan kekena saboda na fi ƙarfi, ya kuma tuna mana ƙa'idar kakanninmu da suka tako da ƙafa daga ƙasar Hausa za su Makka: mai ɗauke da ruwa shi ke bin baya, ba ya wuce kowa. Na ce na ji, alhali ta bayan kunnena ta bi.

Ranar farko lafiya lau. Duk ƙaramin garin da muka ratsa sai mu tsaya rumfar mai shayi, mutane su kewaye kekunan suna mamakin nisan da muka yi, muka kwana a Doka. Washegari da hantsi ya yi mini dabarar tasa har sau biyu, na biyun a gaban 'yan mata masu ɗiban ruwa, suka yi mini dariya. Raina ya ɓaci. Na duƙa kan keke na taka iya ƙarfina. Can sai na ji ƙararrawa uku a bayana, na sake jin uku, sannan wasu uku can ƙasa-ƙasa. Na ce a raina yau kam ba za ka same ni ba. Wallahi ko waiwayawa ban yi ba.

Na isa gari na gaba na sha shayi, na zauna ina shirya baƙar maganar da zan tare shi da ita. Azahar ta yi, shiru. La'asar ta gabato, shiru. Nan na juya ina tambayar duk direban da na gamu da shi, kowa ya ce bai ga mai keke ba. Sai da rana ta sake fitowa mutanen garin suka taya ni nema, muka ga sawun taya ya sauka daga kwalta ya shiga gona. Ƙaya ce ta fasa masa taya, famfo yana wurina, ruwa yana wurina. Da ƙishi ya matsa masa, da alama ya hango bukkokin kambo, wato sansanin 'yan ƙwadago, ya zaci kusa ne. Wanda ya san gonakin nan ya san ba bishiya ba tudu, abin da ido ya gani kusa ƙafa sai ta yini ba ta kai ba. Kuma bayan girbi ba kowa a kambo. Mun same shi jingine da gangar ruwa busasshiya, rai ya yi halinsa, ƙunshin goron yana nan ɗaure a kekensa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da na gaya wa kawu. Na ce shi ne ya tsere mini ya yi gaba, ni ina bin baya da ruwa kamar yadda aka umarce ni. Kawu ya dafa kaina ya ce na cika amana, kwana ne ya ƙare. Bayan addu'ar bakwai ya kwance ƙararrawar keken ya ba ni, wai ni na fi cancanta in riƙe ta. Har Allah ya karɓi ransa yana sa mini albarka, ban taɓa iya buɗe baki ba.

Yanzu furfura ta cika mini kai, ban ƙara hawa keke ba. Amma da rana tsaka, in ina tafe a gefen kwalta, nakan ji uku ɗin nan a bayana, in waiwaya in ga ba kowa. Mutane har sun saba, suna cewa tsohon nan mai yawan waige.

Na rubuto ne don matasan da nake gani suna tsere a hanyar nan. Na gane cewa ƙa'idar manya ba a banza aka kafa ta ba, wani ne ya rasa ransa kafin a kafa ta. In ruwa yana hannunka, ka bi baya. In abokin tafiyarka ya kira ka, ko ya yaudare ka sau ɗari, ka tsaya. Da na tsaya a ranar, abin da zai same ni bai wuce a yi mini dariya ba. Ku taya ni roƙa masa rahama, ni kuma Allah ya yafe mini.