Na Bar Shi da Allah

Shekara da shekaru ina gaya wa 'yan majalisarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi cewa alƙali ya yi mini son kai. Maƙwabcina na Tarauni, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya ja katanga ya cinye mini taku biyu na fili. Na kai ƙara, aka ba shi gaskiya. Shi Turanci yake zubawa, ni kuwa aji uku na yi a firamare, shi ma rabinsa a bayan taga.

Babbar 'yata tana aiki a ofishin lauyoyi. Ranar wata Asabar ta zo gida, na sake ɗauko zancen, ta ce, "Baba, kawo takardar hukuncin. Yanzu akwai ƙirƙirarriyar basira a waya, tana karanta hukunci ta nuna inda alƙali ya karkata."

Da saurina na zaro ta daga ƙasan katifa. Na riga na shirya yadda zan kai labari majalisa.

Ta ɗauki hoton shafukan, ta jira, sai na ga tana danne dariya.

"Karanto mana!"

"Ta ce ba ta ga son kai ba. Ta ce mai ƙara ne da bakinsa ya janye."

"Wane mai ƙarar?"

"Kai, Baba. An rubuta cewa da aka tambaye ka ko kana da sauran magana, ka ce ka bar shi da Allah."

Na faɗa, ban musa ba. Amma jama'a, wane Bakano ne bai san wannan ba janyewa ba ce? Ɗaukaka ƙara ce zuwa kotun da ba a kai mata lauya! Tafinta ya juya ta Turanci, alƙali ya rubuta wai na haƙura.

Na ce, "Gaya mata baƙar magana ce."

Ta rubuta. Wayar ta amsa cikin ladabi, wai ta fahimci ɓacin raina, kuma mai yiwuwa fassarar ta yi rauni, amma alƙali ya tambaye ni har sau biyu.

"Baba, na biyun me ka ce?"

Na biyun ma haka na ce, har da ɗaga yatsa sama.

Washegari na isa majalisa, mai gyaran Keke Napep ya tare ni tun daga nesa. "Alhaji, an ce ka kai alƙali ƙara wurin waya. Me ta ce?"

Na gyara zama, na ce, "Ta ce akwai wanda ya cuce ni a shari'ar nan."

"Wa?"

"Ba ta ambaci suna ba. Amma ta kwatanta shi, yana da furfura, kuma bakinsa ya fi kansa sauri."

Mai shayi ya dube ni, ya dubi gemuna, ya ce, "A sa maka madara ko a bar ka da Allah?"